DURƘUSA WA WADA BA GAJIYAWA BA NE

Na san wasu daga cikin 'yan'uwana ɗalibai, da zarar sun ci karo da kalmar kwamfuta a cikin wannan mujalla tamu, za su ce me ya haɗa kifi da kaska? Ina ɗalibin Hausa ina zancen inji, alhali ga nahawu da adabi da al'ada nan sun sha masa kai? To, ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya biyo ni sannu a hankali. Labarin da zan bayar, ko da yake na inji ne, ɓ da ɗ da ƙ ne suka jawo shi, kuma a ɗakin kakana ya auku. Labari ne na yadda na yi wata biyu cur ina fama in yi wa wata 'yar manhaja da na rubuta ƙaura, daga kwamfutata ta zamani zuwa wata tsohuwa wadda ta girme ni nesa ba kusa ba.

Asalin abin kuwa shi ne dogon yajin aikin nan na malaman jami'o'i na shekarar 2022, wanda ya zaunar da mu a gida har wata takwas. Da zaman kashe wando ya ishe ni, sai yayana ya ba ni aron wata kwamfutar hannu mai ɗauke da babbar manhajar da ake kira Linux, na shiga koyon harshen C, watau ɗaya daga cikin harsunan da ake rubuta wa kwamfuta umurni da su, wanda Dennis Ritchie ya ƙago a Amurka wajen 1972. Ga wanda bai sani ba, babbar manhaja ita ce uwargida a cikin kwamfuta. Ita ke riƙe da makullin rumbu, ita ke raba wa kowace ƙaramar manhaja ɗakin zama, kuma duk wadda ke son ta karanta fayil ko ta rubuta wani abu a fuskar inji, tilas ta bi ta hannunta.

Da hannuna ya fara faɗawa, sai na rubuta wata 'yar manhaja na raɗa mata suna Jerau. Aikin Jerau ɗaya ne tak, watau ya jera kalmomin Hausa bi-da-bi bisa tsarin abacada. Mai karatu zai ce ai kowace kwamfuta ta iya wannan. A'a. Ita kwamfuta ba harafi ta sani ba, lamba ta sani. A tsarin Unicode, wanda duniya ke aiki da shi yau, lambar b ita ce 98, ta z 122, ta ƙ 409, ta ɓ kuwa 595. Saboda haka in aka bar ta ta bi lambobin nan, sai ta kai ɓarawo can bayan zuma, kuma ƙasa ta riga ɓera. Jerau shi ke mayar da kowane harafi gurbinsa, ɓ bayan b, ɗ bayan d, ƙ bayan k. Na nuna wa abokaina suka yaba, kaina ya kumbura. Ni a ganina na gama sanin kwamfuta ke nan.

To, kakana na wajen uwa, wanda duk gida muke kira Malam, tsohon malamin firamare ne. Tun cikin shekarun 1970 ya ɗauki wata ɗabi'a. Duk inda ya ji kalmar sana'a wadda bai sani ba, sai ya zaro ɗan littafi daga aljihu ya rubuta ta, da ma'anarta, da garin da ya ji ta. Ya zauna da marina a Ƙofar Mata da Kura, ya zauna da majema da masaƙa da maƙera da masunta. A bakinsa na fara jin katsi da allera da ƙoshiya da awartaki. A shekarar 1998, bayan ya bar aiki, ya sayi wata tsohuwar kwamfuta a gwanjon kayan wani ofis, ya koyi buga ta da yatsu biyu, ya shiga kwashe littattafan nan yana zubawa a cikinta, kowace kalma da layinta.

Ita wannan kwamfuta tana kan tebur a ƙuryar ɗakinsa, lulluɓe da tsohon rawani saboda ƙura. Masarrafarta ita ce 286, wadda kamfanin Intel ya fitar a 1982. Ƙwaƙwalwarta megabayit ɗaya, babban faifanta megabayit 40, watau hotuna goma sha na wayar da ke aljihuna sun isa su cika shi. Babbar manhajarta kuwa MS-DOS 5.0 ce ta 1991. Ba hoto, ba linzami, sai baƙar fuska da ɗan ɗigo yana ƙifta ido, yana jiran a buga masa umurni. Ɗan batirin da ke riƙe mata agogo ya mutu tun tuni, don haka kowace safiya sai Malam ya shigar mata da wasu lambobi da ya rubuta a jikin akwatin kafin ta gane faifanta, kuma a wurinta kullum ranar 1 ga Janairu, 1980 ce, domin daga nan lissafin kwanakin DOS ya fara.

Da na je masa hutu a damanar 2024, na tarar yana cikin damuwa. Fayilolinsa sun haura sittin, ba a jere suke ba, ga ido ya fara rauni. In ya sami kalma, sai ya yi rabin safiya yana buɗe fayil yana rufewa, don ya gane ko ya riga ya rubuta ta. Ni kuma abin da ya tsorata ni daban ne. Aikin shekara hamsin yana kan faifai ɗaya rak, wanda ya haura shekara talatin yana juyi, kuma babu kwafinsa ko'ina a duniya.

Na ce, "Malam, ka bar ni in kwashe aikin nan in zuba a tawa. Kafin ka ƙifta ido Jerau ya jera maka shi."

Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "In ka jera a taka, gobe in na sami sabuwar kalma sai in shiga mota in bi ka jami'a? Aikin bai ƙare ba, abokina. Kuma taka ɗin nan mai tagogi barkatai, in na taɓa nan can ya buɗe, ba zan koye ta da furfura ba."

Daga baya kakata ta tsegunta mini sauran dalilin. Ashe a can baya wani mai bincike ya taɓa karɓar aron littattafansa uku, har yau ba littattafai ba labarinsu. Tun daga ran nan ya yi rantsuwa ba abin da zai sake fita daga ɗakin. Da na matsa masa, sai ya yanke magana ya ce, "Kai da ka ce ka iya, kawo Jerau ɗin nan gidana. Ai guga ke zuwa rijiya." Na amsa da ƙarfin gwiwa cewa kwana uku sun ishe ni. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Bari in ɗan tsaya in faɗi ko wace ce DOS. Asalinta Amurka. Tim Paterson ne ya rubuta ta a 1980 a kamfanin Seattle Computer Products, kamfanin Microsoft ya saye ta a 1981, kuma da ita kamfanin IBM ya fito da ƙaramar kwamfutarsa a watan Agusta na wannan shekara. Ta yi zamaninta fiye da shekara goma. Ta ƙarshe da aka sayar ita kaɗai ita ce 6.22 ta 1994, daga nan Windows ta karɓe gari. Amma ba ta mutu ba. A 1994 ɗin nan wani ɗalibi ɗan'uwanmu a jihar Wisconsin, Jim Hall, ya fara aikin rubuta wata irinta ta kyauta mai suna FreeDOS, 'yan sa-kai suka taru a kai, har ta kai bugu na 1.0 a 2006. Marubucin nan George R. R. Martin ma ya faɗa a 2014 cewa a kan inji mai DOS yake rubuta littattafansa, da manhajar WordStar 4.0. Da na gaya wa Malam haka, ya ce, "Ashe ba ni kaɗai ba ne mai hankali."

Ita kuma ƙaura, ga abin da nake nufi da ita. Abin da mutum ya rubuta da harshen C, inji ba ya jin sa kai tsaye. Sai an ba wata manhaja, wadda zan kira tafinta, ta juya shi zuwa harshen lambobi na wannan masarrafa da wannan babbar manhaja. Jerau ɗin da aka juya wa Linux, in an kai shi DOS, ko gaisuwa ba za su yi ba. Yi wa manhaja ƙaura shi ne a sake juya ta don sabon gida, a kuma bi ta layi-layi a gano duk inda ta jingina da al'adar tsohon gidanta, a gyara. Ni a lokacin rabin farko kawai na sani.

Na samo wani tafinta mai suna DJGPP, wanda DJ Delorie ya fara tun 1989. Na kuma samo DOSBox, watau wata manhaja mai kwaikwayon tsohuwar kwamfuta a cikin sabuwa, don in riƙa gwaji ba tare da na taɓa injin Malam ba. Cikin kwana biyu Jerau ya tashi a cikin DOSBox lafiya lau. Saura yadda zan kai shi. Injin Malam ba shi da wata ƙofa sai ta faifan fulofi, mai cin megabayit 1.44, wanda kamfanin Sony ya daina yi tun 2011. Na yi yawon kasuwa har na sami na'urar karanta shi wadda ake jona wa kwamfutar zamani, kana na sami kwalin faifai goma a wani tsohon shagon buga takardu. Huɗu ne kawai a ciki suke da rai.

Ran nan na sa sabuwar riga, na kira kakata ta zo ta ga abin mamaki. Na zura faifai, na buga JERAU. Inji ya yi gurnani, ya fito da layi ɗaya na Turanci, ya koma yana ƙifta ido. Malam ya ce, "Me ta ce?" Na ce, "Ta ce sai masarrafar 386." Ya ce, "Da Hausa." Na ce, "Ta ce ba ta jin yarensa." Kakata ta tuntsire da dariya ta ce, "Maigidan, don wannan ka tashe ni daga kan tukunya?" Malam kuwa cewa ya yi, "To, ai baƙo ke koyon yaren gari."

Laifina ne, ban tambaya ba. Masarrafar 386, wadda ta fito a 1985, tana ɗaukar lamba mai gurbi 32 a tafi ɗaya, ita kuwa 286 mai gurbi 16 take ɗauka, kuma DJGPP don 386 da na bayanta aka yi shi. DOSBox kuma sabuwar masarrafa take kwaikwayo, shi ya sa ta ruɗe ni. Na je gidan mutum da kaya, ban ko leƙa faɗin ƙofarsa ba. Sai na koma na nemo wani tafinta, Open Watcom, wanda asalinsa garin Waterloo ne a Kanada, aka sake shi kyauta a 2003, shi kuwa ya iya juya wa masarrafa mai gurbi 16. Wannan karon Jerau ya shiga. Na yi hamdala, ban san yanzu aka fara ba.

Abin da Jerau ke fara yi shi ne ya ƙirga layuka. Ya ƙirga na Malam ya ce 31,328 ne, amma da alamar ɗebewa a gabansu. Watau Malam ba shi da kalma ko ɗaya, har ma ana bin sa bashin kalmomi dubu talatin da ɗaya da 'yan kai! Na kwana biyu ina neman kuskure a lissafina, ban samu ba. Ashe a Linux mazubin da nake ajiye ƙirga a ciki yana ɗaukar lamba har fiye da biliyan biyu, a nan kuwa iyakarsa 32,767. In aka ƙara ɗaya a kai sai ya kife ya koma ƙasa da sifiri. Layukan Malam 34,208 ne. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne da na koma na karanta ƙa'idar harshen C, na ga ashe bai taɓa yi mini alkawarin fiye da 32,767 ba. Abin da na ɗauka doka ce ta harshe, ashe al'adar gidanmu ce kurum.

Na gyara wannan, sai sunaye suka taso. DOS ba ta karɓar sunan fayil da ya wuce harafi takwas, da wasu uku bayan ɗigo, shi ya sa fayilolin Malam ke da sunaye irin su RINI2 da KIRA1 da SAKA4, inda kira take nufin ƙira, saka kuma saƙa. Jerau kuwa ya saba rubuta sakamakonsa a fayil biyu, ɗaya sakamako_na_farko, ɗaya sakamako_na_biyu. In mai karatu ya ƙirga haruffan sakamako zai ga takwas ne cif. DOS ba ta yi gardama ba, sai ta datse sunayen a nan, duka biyun suka zama SAKAMAKO, na biyu ya hau kan na farko ya shafe shi. Gabana ya faɗi, domin da sunan ya yi daidai da na wani fayil na Malam, da na shafe masa aikin shekaru da hannuna. Tun daga ran nan na kafa wa Jerau doka, fayilolin Malam karantawa kawai zai yi, ba zai rubuta ko ɗigo a cikinsu ba.

Babban dutsen kuwa shi ne ƙwaƙwalwa. A Linux Jerau kan kwaso kalmomi gaba ɗaya ya baza su, sa'an nan ya jera. A DOS kuwa filin da manhaja ke da shi bai wuce kilobayit 640 ba, domin masarrafar kwamfutar IBM ta farko megabayit ɗaya kawai take iya gani, aka ware 384 na sama don fuskar inji da wasu ayyuka. Daɗin daɗawa, ko a cikin wannan fili ba a ba ka yanki ɗaya da ya wuce kilobayit 64. Kalmomin Malam kuwa sun kai megabayit biyu. Na yi kwana huɗu ina juya abin, har na fara tunanin in tattara kayana in ce inji ne ya lalace.

Malam ya same ni na yi tagumi, ya ce, "Yaya dai, abokina?" Na ce, "Malam, kalmominka sun fi tabarmar girma. Ba zan iya baza su duka ba, kuma ban san yadda ake jera abin da ba a gani gaba ɗaya ba." Ya yi murmushi ya ce, "Sa'ad da nake hedimasta, takardun jarrabawa ɗari biyar akan kawo mini in jera bisa lamba, teburina kuwa bai fi wannan ba. Sai in ɗebi abin da tebur zai ɗauka, in jera, in ɗaure, in ajiye a ƙasa. In na gama, sai in kwance ƙunshin in sa su a gabana, in riƙa duban takardar saman kowanne. Wadda ta fi ƙaramar lamba ita nake ɗauka, har su ƙare."

Wallahi abin da na rubuta ke nan. Jerau ya raba kalmomin ƙunshi 35, ya jera kowanne ya ajiye a faifai, kana ya haɗa su shida-shida, tun da DOS ba ta barin a buɗe fayiloli da yawa lokaci guda, sa'an nan ya haɗa shidan da suka fito su zama ɗaya. Daga baya na karanta cewa da wannan dabara masana kwamfuta suke jera manyan bayanai tun zamanin da ake ajiye su a kan zaren maganaɗiso. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Saura haruffa masu ƙugiya. DOS ta girmi Unicode. Haruffa 256 kawai ta sani, kuma a jerin da injin Malam ke aiki da shi, mai lamba 437, akwai haruffan Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci, akwai wasu na Girkanci, akwai ma alamomi huɗu na karta da fuska mai murmushi, amma babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Don haka tun 1998 Malam b' da d' da k' yake bugawa. Koya wa Jerau wannan bai yi wuya ba. Amma na ƙudura a raina sai Malam ya ga ƙ ta sosai a fuskar injinsa. Na shiga wani dogon kundi da Ralf Brown ya tara, na hanyoyin da manhaja ke bi ta roƙi inji wani aiki, na gano cewa irin fuskar da ke injin Malam, watau VGA, tana yarda a sauya mata siffar harafi. Kowane harafi gida ne mai ɗigo 8 a kwance, 16 a tsaye.

Na sayo littafin lissafi mai gida-gida, na zauna ina zana haruffa shida, manya uku ƙanana uku, ina cike gidaje da fensir, ina mayar da kowane layi lamba. Na kori wasu haruffan Girkanci na zaunar da namu a gurbinsu. Ɗ ƙarama ce ta fi ba ni wuya, domin sandarta tana bakin iyaka ta dama, ƙugiyar kuma dama za ta lanƙwasa, sai da na matse cikinta na ja shi hagu. Shekara uku ina karatun Hausa, ban taɓa duban siffar haruffan nan da kyau ba sai a wannan mako.

A nan ne kuma inji ya nuna mini iyakarsa. Akwai layin da wani tsohon maɗinki ya gaya wa Malam cewa ɗinkin keke bid'a ne. Jerau ya ga d da alamar hamza, ya nuna biɗa. Na nemi dabarar da zai bambance biɗa ta nema da bidi'a ta malamai, na rasa, domin a rubuce ba su da bambanci ko kaɗan. Malam ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Wannan ba aikinsa ba ne, nawa ne." Ya bi irin waɗannan layuka da kansa ya mayar da su bidi'a.

Ranar da komai ya haɗu, wata Asabar ce da hantsi, muna ta addu'a kada wuta ta ɗauke. Aikin da kwamfutata ke gamawa kafin a ce kwabo, injin Malam ya yi minti ashirin da wani abu yana gurnani. Da ya gama, Malam ya buga katsi da yatsunsa biyu. Nan take layuka biyar suka fito a jere, daga garuruwa daban-daban, ya rubuta su a shekaru daban-daban, bai san ya tara su ba. Sa'an nan ya buga k'oshiya, ya ga ta fito da ƙugiyarta. Ya matso da fuskarsa kusa, ya daɗe yana kallo bai ce komai ba. Can ya ce, "Ɗ ɗin nan taka kamar sandar makiyayi, amma tana karantuwa."

Da la'asar, ina haɗa kayana, ya kira ni ya ce, "Faifan nan naka, nawa suka rage?" Na ce uku. Ya ce, "Nawa aikin zai ci?" Na ce biyu. Ya ce, "Kwafa. Ɗaya saiti ka kai wa uwarka ta ajiye, in ka sami wasu faifan ka yi naka." Ban roƙa ba, ban ko tayar da zancen ba. Aikin shekara hamsin ya shiga aljihun rigata bai ko nuna ba. Yau yana wuri huɗu, kuma duk hutu nakan je in kwafo abin da ya ƙaru.

Da na dawo da Jerau gidansa na Linux, sai na ga ya fi yadda ya tafi. Ba ya ɗaukar cewa fili ba ya ƙarewa, ba ya taɓa kayan da ba nasa ba, kuma yana jin rubutun Hausa iri biyu. Duk kurakuran da DOS ta tona suna nan a cikinsa tun ran da na rubuta shi, yalwar gidanmu ce ta rufe su. Wannan ya tuna mini da abin da malamanmu ke koya mana game da rubutun Hausa kansa. Sa'ad da aka kawo Hausa cikin boko, aka tarar babu gurbin wasu sautukanta, sai da aka yi ta fama da ɗigo a ƙasan harafi da alamar hamza, kafin a tsayar da masu ƙugiya a cikin shekarun 1930. Bayan haka ma masu keken rubutu sun daɗe suna bi da alƙalami suna ƙara ƙugiya. Kowace ƙaura sai ta tilasta wa mutane su zauna su tantance abin da ke na harshe da abin da ke na mazubi.

Na tafi gidan Malam da niyyar in fitar da shi daga tsohon inji, na ƙare da durƙusa wa injin, kuma ta nan ne abin da nake tsoron ya salwanta ya tsira. Don haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, in mun je hutu mu leƙa ɗakunan tsofaffinmu. Akwai kaset-kaset, akwai faya-fayai, akwai littattafan aljihu da kundaye na ajami, waɗanda kwafinsu ɗaya ne a duniya. Masu su ba za su miƙa wa wanda ya zo yana raina mazubin ba. A fara zama a koyi yadda suke aikinsu tukuna, sauran zai biyo baya.

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da hasken ido, ya jiƙan magabatanmu, mu kuma ya ba mu ilmi mai amfani. Amin.